Yadin da Ba Ya Son Ruwa

Da hantsi Auta ta shigo shagon yayanta rungume da wani kwali, tana takawa a hankali kamar wadda ta ɗauko jariri. Tela yana kan keke yana haɗa wani wando. Bai ɗago kai ba sai da ya ji ta mayar da ƙofa ta rufe, abin da ba mai yi a shagon nan da rana tsaka.

"Lafiya? Wa ya biyo ki?"

"Yaya, tashi ka wanke hannunka. Ka goge shi ya bushe sosai."

"Ikon Allah! A shagona?"

Amma ya tashi ya wanke, don ya ga fuskarta babu wasa. Kafin ya dawo ta kwashe tarkacen da ke kan teburin yanka, ta shimfiɗa farar takarda, ta buɗe kwalin.

Tun bai fara gemu ba Tela yake taɓa yadi. Ya taɓa na masu hali, ya taɓa na 'yan makaranta, har yana cika baki cewa ko an ɗaure masa ido zai faɗi irin yadi da ɗan yatsa ɗaya. Wannan kuwa da ya gan shi sai ya kasa gane irinsa. Launinsa kamar zuma aka ɗaga a rana. Haske ba ya tsayawa a kansa, gudu yake yi daga wannan gefe zuwa wancan duk lokacin da mutum ya motsa kai. Ya sa hannu ya ɗaga shi, sai ya ji kamar bai ɗaga komai ba. Da farko sanyi ya ji a tafinsa, kafin ya ƙifta ido yadin ya ɗauki ɗumin jikinsa.

"Auta, shi ne?" ya tambaya da murya ƙasa-ƙasa.

"Shi ne, Yaya."

Shekara da shekaru ke nan tana aiki a wani ƙaramin kamfani can bayan gari, inda suke ƙoƙarin yin zare irin na gizo-gizo. A gida kowa tsokanarta yake yi, ana ce mata mai kiwon gizo-gizo. Mahaifiyarsu ma har yau ta ɗauka ƙuda take kama musu. Tela shi ne kan gaba a tsokanar, don bai taɓa zaton abin zai wuce hotunan da take nuna masa a waya ba.

Ana cikin haka ƙofa ta buɗe, Mai Agogo ya leƙo. Shagonsa ne ke manne da na Tela, kuma ba ya iya ganin ƙofa a rufe ya zauna lafiya. Gilashin da yake duba cikin agogo da shi yana rataye a wuyansa.

"Me ake rabawa ba ni? A'a, Auta, ke ce? Ya dabbobin naki?"

Sai idonsa ya faɗa kan teburin. Ya matso, ya maƙala gilashin a ido, ya sunkuya. Ya daɗe a haka.

"Tela, zo ka gani. Kowane zare guda, wasu zaruruwa ne a cikinsa, sun fi gashin jariri siranta. Auta, tsakaninki da Allah, gizo-gizo nawa kuka tatsa?"

"Ko ɗaya, Kawu. Ai ba sa kiwatuwa. In ka tara su wuri guda, kafin ka dawo sun cinye junansu, saura ƙato ɗaya yana kallonka."

"Kamar 'yan kasuwar nan tamu," in ji Mai Agogo.

Ta yi dariya, ta ce abin da suka yi shi ne, sun ɗauko ƙwayar halittar da ke sa gizo-gizo ya iya yin zare, suka dasa ta a cikin yis, irin wanda ake kumbura burodi da shi. Suna zuba yis ɗin a manyan tankuna, suna ba shi sukari, shi kuma yana yi musu sinadarin zaren. Sai su tace, su matso shi ta wasu ƙananan huji, ya fito sili-sili.

"Wato yis ɗin bai san shi ba gizo-gizo ba ne," in ji Tela.

"Bai sani ba. Aikinsa kawai yake yi."

Wani zare ya zaro a bakin yadin. Tela ya naɗe shi a yatsu biyu zai tsinke, yadda yake yi wa kowane zare sau ba adadi a rana. Ya ja. Zaren ya miƙe, ya ƙara miƙewa, ya nutse cikin fatarsa har wurin ya yi fari, amma bai tsinke ba. Ya sa haƙori, nan ma shiru. Mai Agogo ya karɓa ya ɗaure babban almakashin yanka da shi, ya ɗaga sama. Almakashin ya tsaya yana lilo a iska, ba a ganin abin da ke riƙe da shi.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," in ji Mai Agogo. "Abin da matata ke sharewa da tsintsiya kullum."

Daga nan Auta ta faɗi abin da ya kawo ta. Mutanen da suka zuba dukiyarsu a kamfanin sun gaji da jira. Sun ce in ba a samu kamfanin tufafi ko ɗaya da ya yarda zai sayi zaren ba, ƙarshen wata za a kashe tankuna, kowa ya kama gabansa. Akwai wata mata, shugabar wani babban kamfanin tufafi, kowa Madam yake ce mata, ta yarda za ta zo jibi. Ta ce ita ba ta son a nuna mata hoto ko zare a kwalba, kwat take so wadda za ta sa a jikinta. An aiko da awonta.

"Wannan da kake gani shi ke nan abin da muke da shi a duniya, Yaya. Kusan aikin shekara ne. Ogana ya so ya kai wa wasu masu babban shago, na ce ni hannunka na sani."

Tela ya gyara tsayuwa.

"Abu ɗaya zan roƙe ka. Ruwa. Kada ruwa ya taɓa shi ko ɗigo. Zaren gizo-gizo in ya jiƙe tsukewa yake yi, namu ma haka ya gado. Muna kan neman maganin abin, ba mu gama ba. In za ka yi guga, wuta kaɗan, ka ɗora ƙyalle a kai, ban da tururi."

"To in Madam ta sa, ruwan sama ya same ta fa?" in ji Mai Agogo.

"A cikin ɗaki za ta sa, Kawu." Auta ba ta kalle shi ba da ta faɗi haka.

Bayan ta tafi, Tela ya yi shiri kamar mai jiran baƙo. Ya juye ruwan da ke cikin dutsen guga, ya bar shi ya bushe. Ya ɗauki kwalbar da yake fesa ruwa da ita ya kai wa Mai Agogo ajiya, ya ce ko ya zo yana kuka kada ya ba shi. Ya ɗaura ƙyalle a goshi saboda gumi. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki daga bakin ƙofa ya sallame shi.

Da la'asar ya shimfiɗa yadin, ya zana baya da gaba da hannuwa da alli. Yadin ya isa cif, babu ragowar da za a yi ko aljihu. Matsala ɗaya ce: inda aka ninke shi a kwali ya bar layi, kuma layin ya ratsa tsakiyar bayan kwat ɗin. Ya ɗora ƙyalle, ya bi da dutsen guga a hankali. Layin yana nan. Ya sake bi. Yana nan, kamar yana yi masa gwalo.

Mutumin da ya koya wa Tela ɗinki ba shi da kwalbar feshi. In layi ya yi taurin kai, yatsu yake tsomawa a kofi ya yarfa ruwa, ya danna dutse. Haka Tela ya yi shekaru yana yi kafin ya san akwai wata kwalba. Kofin ruwan shansa kuwa yana kan taga, inda yake zama kullum, don bai taɓa ɗaukarsa a kayan aiki ba. Idonsa yana kan layin, hankalinsa yana kan yadda zai kafa wuya. Hannun dama ya ɗage ƙyallen, na hagu ya je taga ya dawo.

Sai da ya ga ɗigon ruwa a kan yadin sannan ya san abin da ya yi.

Da farko babu abin da ya faru. Ɗigon suka zauna kamar raɓa, har ya miƙa hannu zai goge. Sai suka nutse. Yadin ya motsa. Tela ya ja da baya har ya bugi keke. A kowane wuri da ruwa ya sauka, yadin ya fara tattaruwa zuwa tsakiya, a hankali, kamar fatar mutum in sanyi ya kama shi. Layukan allin da ya ja miƙaƙƙu suka lanƙwashe. Almakashin da ya danne gefe ɗaya da shi ya ji ana jan sa, ya biyo yadin a kan tebur yana ƙara siririya. Ƙarfe guda, yadin da ba shi da nauyin komai yake ja.

Ya kasa ɗauke ido. Abin da aka yi a tanki da sukari, aka saƙa a inji, bai taɓa ganin gizo-gizo ba, ga shi yana yin abin da zaren gizo-gizo ke yi a jikin reshe in an yi yayyafi. Sai da yadin ya daina motsi sannan ya ƙwala wa Mai Agogo kira.

"Maƙwabci! Zo!"

Mai Agogo ya shigo da gudu, ya duba, ya dafe kai. Tsakiyar yadin ya yi ƙulu-ƙulu kamar an ɗaure tsakuwoyi a ciki.

"Ba ka ba ni kwalbar ba?"

"Hannuna ne. Wallahi ban aike shi ba."

"To ka juya shi. Ka sa wurin ta ciki, ka rufe da shafi. Wa zai leƙa?"

Tela ya ɗauki tef ya auna ta nan, ya auna ta can. Ko ya juya, ko ya karkata, wurin da ya tsuke sai ya faɗo a baya ko a ƙirji. Ya ajiye tef ɗin, ya ɗauki waya. Bai taɓa jin nauyin kiran ƙanwarsa irin na ranar ba.

Ta zo da rigar aikinta a jiki. Ta tsaya a kan teburin, ta shafa wurin da yatsa, ba ta ce uffan ba. Da ma ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi.

"Auta, ki yi magana mana. Ki zage ni."

"In zage ka ya miƙe?" Ta jawo kujera ta zauna. Can ta ce, "Mun gwada da zare sili ɗaya. In aka jiƙa shi sosai ya tsuke iya tsukewarsa, aka bar shi ya bushe, ba ya ƙara tsukewa sai kaɗan. Tun kafin in kawo maka na ce a jiƙa yadin gaba ɗaya. Oga ya ƙi. Ya ce ba zai isa kwat ba, kuma ba wanda ya san yadda saƙaƙƙe zai yi. Zai iya ƙanƙancewa ya yi tauri kamar busasshiyar fata, mu rasa duka."

Ta fita waje ta kira ogan nata. Daga cikin shago suna jin muryarsa tana fita ta wayar. Da ta dawo idonta ya yi ja.

"Ya ce in yi abin da na ga dama, a wuyana yake. Yaya, kana da baho?"

Mai Agogo ne ya ɗebo ruwan. Auta ta naɗe hannun riga, ta ɗauki yadin, ta tsaya a kan bahon har Tela ya ɗauka ta fasa. Sai ta yi bisimilla ta sake shi.

Ya kwanta a kan ruwan kamar ganye, sannan ya nutse. Su uku suka durƙusa suna kallo. Gefunan suka fara janyewa daga jikin bahon, duka a tare, suna taruwa, yadin yana juyawa a hankali shi kaɗai ba mai taɓa shi. Launin ya ƙara duhu, ya koma kamar zinariya a ƙarƙashin ruwa. Ƙulu-ƙulun da Tela ya yi suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, don sauran yadin ya cim musu. Mai Agogo, wanda bakinsa ba ya hutawa, salati kawai yake yi.

Suka shanya shi a inuwa, a kan igiyar da ke bayan shago. Washegari da safe Tela ya riga kowa zuwa. Ya taɓa. Bai yi tauri ba. Ya ƙara kauri, ya ƙara santsi, ya cika hannu fiye da jiya. Ya shimfiɗa shi ya auna, ya sake aunawa. Baya zai fita, gaba zai fita. Hannuwa kam babu su.

"Falmaran za a samu," ya gaya wa Auta a waya.

"Kwat ta ce."

"Na sani."

"Ɗinka, Yaya."

Yini guda ya yi a kai. Almakashi yana zamewa, sai da ya wasa shi ya riƙa yanka da ƙarshen baki kaɗan-kaɗan. Keke ya ƙi, allura tana tsallake ɗinki, don haka ya sauko ya kama da hannu, da zaren da ya zare daga 'yan guntayen da suka faɗi. Bai ci abincin kirki ba. Kofin ruwansa kuwa Mai Agogo ya kwashe, sai in ƙishi ya dame shi ya je can ya sha a tsaye.

Ranar da Madam za ta zo, Auta ta ce lallai ya biyo ta. Wannan ne zuwansa na farko wurin aikinta. Wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano, ga tankuna na ƙarfe suna ƙyalli, kowanne ya fi shagonsa tsawo, bututu na shiga bututu na fita. Wurin yana wari kamar gidan burodi. Ya ɗora tafin hannu a jikin ɗaya, ya ji ɗumi da wata 'yar rawa a ciki. Ma'aikatan suna tsaye cirko-cirko, kowa ya sa rigarsa mai kyau. Oga, wani siririn mutum mai tabarau, ya gaisa da Tela da ƙyar.

Madam ta iso da mutum biyu a bayanta. Gajeriya ce, gashinta ya fara fari, tana riƙe da gorar ruwa. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Aka yaye ƙyallen da aka rufe rigar da shi. Ta dube ta, ta dubi Oga.

"Ina hannuwan?"

Oga ya gyara murya ya fara cewa ai sun ga wannan salon ya fi dacewa da zamani. Auta ta katse shi.

"Ruwa ne ya ci su, ranki ya daɗe."

Ta faɗi komai, tun daga halin zaren har zuwa bahon. Da ta zo kan yadda aka fara jiƙa shi, Tela ya matso ya ce shi ne, hannunsa ne. Madam ta dube shi sama da ƙasa.

"Da yatsu ka yarfa?"

"Da yatsu, ranki ya daɗe."

"Duk telolin da ke wurina haka suke, ko ka saya musu inji." Ta juya ga Oga. "Wato da kwat ɗin ta fito lafiya, sai in sa, in yaba, in saya, ranar da aka fara wanki mutane su dawo mini da rigunan 'yan tsana?"

Oga ya cire tabarau yana gogewa.

Ta cire tata kwat ɗin ta miƙa wa na bayanta, ta sa falmaran. Ya zauna mata kamar a jikinta aka saƙa. Ta ɗaga kafaɗa, ta sunkuya, ta kama gefen da hannu biyu ta ja da ƙarfinta har jijiyar wuyanta ta fito. Ko zare bai motsa ba. Ta matsa kusa da taga, hasken ya bi ƙirjinta yana gudu, ta tsaya tana kallon kanta, fuskar nan mai tsauri ta saki. Sannan ta buɗe gorar ruwanta ta tuttula a kafaɗarta ta hagu.

Ruwan ya gangara, yadin ya yi duhu. Kowa ya zuba ido. Kalmasar ƙasa ta ɗan ɗaga, kamar faɗin farce, ta tsaya. Aka jira, aka ƙara jira. Ba ta sake motsi ba.

"Ya motsa," in ji Madam.

"Ya motsa, ranki ya daɗe," in ji Auta. "Kaɗan ya rage mana. Lokaci muke nema."

Madam ta shafa wurin da ya jiƙe, ta duba tafinta, ta sake shafawa.

"Na daɗe a sana'ar nan, ban taɓa sa abu irin wannan ba. Yau ba zan sayi zare ba, don ba ku da shi. Amma ku gaya wa masu dukiyarku kada su kashe tankunan nan, ni zan kira su da kaina. Wannan kuma ba zan cire ba, da shi zan tafi. In kun saƙa sabon yadi ku biyo ni da hannuwan, waɗanda suka riga suka sha ruwa suka ƙoshi. In na wanke su ban ga sun motsa ba, sai mu zauna."

Wata daga cikin ma'aikatan ta toshe baki ta fashe da kuka. Auta ta jingina da tanki. Madam ta miƙa hannunta na dama gefe, ta dubi Tela.

"Malam tela, me kake jira? Awon da aka aiko maka na tsohuwar kwat ne, hannun ya yi mini tsawo."

Ya laluba aljihu ya ciro tef. Sai da ya goge yatsunsa a jikin wando, sannan ya ɗora bakin tef ɗin a kan kafaɗarta ya ja zuwa wuyan hannu.